Mintuna kawai ko da kwanan wata: lissafin awannin injin ban ruwa

Ɗan'uwa, ka ce kana haɗa 'yar manhajar Android don masu ba da hayar injin ban ruwa a Kura, ka sa akwatin zaɓar lokaci biyu, na kunnawa da na kashewa. Tambayarka: ka mayar da komai mintuna, ko ka haɗa da kwanan wata?

Da farko dai, kada ka gwada lokutan biyu da juna a matsayin rubutu. Kwamfuta za ta ce "9:00" ya wuce "10:00", don alamar farko take dubawa, tara kuwa ta fi ɗaya.

Hanyar mintuna ba ta da wahala. TimePicker, wato akwatin zaɓar lokacin, yana ba ka awa daga 0 zuwa 23 ta umarnin getHour(), ko da agogon awa 12 yake nunawa a fuskar waya. Ka ninka awa sau 60, ka ƙara mintuna. An kunna 7:30 na safe, 450 ke nan. An kashe 10:15, 615. Ka cire, saura 165. Shi ke nan.

Matsalar tana zuwa da dare, kuma ka san manoman rani, idan layi ya yi tsawo har tsakar dare ana ban ruwa. An kunna 22:30, wato 1350, an kashe 1:15, wato 75. Lissafi zai ba ka -1275. Ni ma na taɓa cin karo da wannan a gaban mai gonar tumatir, yana tsaye da taɓo har gwiwa yana jiran in faɗa masa kuɗinsa. Ana ƙara 1440, mintunan kwana guda, sai ta dawo 165. Amma faci ne. Injin da aka kunna Litinin shida na yamma, aka kashe Talata bakwai na yamma, awa ɗaya zai nuna maka a maimakon 25.

Hanyar kwanan wata ba ta san wannan ciwon kan ba. Ka ajiye kowane lokaci a LocalDateTime, mai riƙe rana da lokaci tare, ka kira Duration.between() ya ba ka tazararsu, sai toMinutes() ya mayar da ita mintuna. Najeriya ba ta sauya agogo duk shekara, don haka ba abin da zai karkace. Wahalarta ita ce akwatin lokaci ba ya ba da rana, sai ka ƙara na zaɓar rana. Kuma java.time, kunshin da waɗannan umarnai suke ciki, daga Android 8 ya fara zuwa kai tsaye. Tsofaffin wayoyi sai an yi musu ƙarin saiti.

Don injin ban ruwa, ta biyun zan ɗauka, tunda kuɗin mutane ne.

Kowacce ka bi, ka kula wajen kuɗi. Minti 165, wato awa biyu da minti 45, awa 2.75 ne, ba 2.45 ba. Idan a ce awa naira 2,000 ce, 5,500 za a biya. Ka rubuta 2.45, ka sa mai inji asarar naira 600.