Roscoff da tsibirin Batz: abin da na gani, da abin da ya kamata ka sani

Duk mai shirin zuwa Roscoff, kafin ya duba kuɗin masauki, ya fara duba jadawalin cikowa da janyewar teku. Ƙaramin garin masunta ne a arewacin yankin Bretagne na Faransa, mazaunansa ba su kai 4,000 ba, kuma teku ne ke tsara musu yini. In ruwa ya janye, sai ka ga kwale-kwale kwance a kan laka, igiyoyinsu sun saki, ƙarnin ciyawar teku ya cika gari.

Daga Paris na ɗauki jirgin ƙasa zuwa Morlaix, sannan bas ta ƙarasa da ni. Garin kansa rabin yini ya ishe ka: gidajen dutse masu ruwan toka, tsohuwar coci mai doguwar hasumiya, da cibiyar binciken halittun teku da aka kafa tun 1872. Abin da ya tsayar da ni shi ne albasa. Roscoff ta yi suna da albasa mai ruwan hoda, ana kitsa ta da ganyenta a rataye a bakin shaguna. A 1828 mutanen garin suka fara tsallakawa Ingila suna tallarta gida gida, daga baya ma a kan keke. Na saya na ɗanɗana ɗanya. Tana da zaƙi da ruwa, ba ta da yajin albasar Galmi, amma a salak ban taɓa cin irinta ba.

Tsibirin Batz shi ne ainihin dalilin zuwa. Tsallakawar minti 15 ce kacal, jiragen kuma na kai da komowa a kai a kai lokacin zafi. Sai dai inda za ka hau ya danganta da ruwa. In ya cika, a tsohuwar tasha cikin gari ake shiga. In ya janye, sai ka taka wata doguwar gadar siminti mai kusan mita 600 zuwa cikin teku. Ta nan muka bi, iska na dukanmu. Wata dattijuwa a gabana sai tsayawa take yi tana riƙe ƙarfen gefe, har wani ma'aikacin jirgin ya fito ya kama mata hannu. Mai tafe da tsofaffi ko ƙananan yara, don Allah ya zaɓi lokacin cikowar ruwa.

Tsawon tsibirin bai wuce kilomita 3 da rabi ba, ana zagaya shi da ƙafa ko a yi hayar keke. Na yi zaton wurin 'yan yawon buɗe ido ne kawai, sai na tarar da gonakin dankalin Turawa har bakin ruwa, manoma na taki da ciyawar teku. Motoci kaɗan ne, tarakta ta fi yawa. A gabas akwai lambun da wani mutumin Paris, Georges Delaselle, ya fara dasawa a 1897, cike da itatuwan ƙasashe masu zafi, saboda sanyin hunturu bai cika tsanani a tsibirin ba. Kuɗin shigarsa ya biya. A yamma kuma akwai hasumiyar fitilar jiragen ruwa mai matakala 198. Na hau ina haki, amma daga sama kana ganin dukan tsibirin da gaɓar Roscoff.

Batun abinci, Musulmi ya buɗe baki ya tambaya. Fankensu na gargajiya, galet, sau da yawa da naman alade ake haɗa shi, kuma akan kawo shi da giyar tuffa. Kifi da ƙwai da cuku sun wadatar da ni. A tsibirin, gidajen abinci da dama na rufe kicin bayan cin rana sai dare, farashi kuma ya fi na cikin gari. Ka riƙo burodi da ruwa da rigar sanyi ko da rana na haskawa, kuma tun kana sauka ka tambayi lokacin jirgin ƙarshe.