Gudun Iyali Ranar Hutu: Wanne Za Ku Zaɓa?

Idan kuna son shiga gudun jama'a ya zama abin da gidanku ke yi duk shekara lokacin hutu, kafin ku biya kuɗin rajista ku dubi wanda ya fi kowa jan ƙafa a gidan, da shi za ku auna. Kaka ko ɗan shekara shida, muddin suka sha wuya a karon farko, to baɗi ko ƙeyarsu ba za ku gani ba.

Shi ya sa na fi karkata ga gudun kilomita 5. Mai takawa da ƙafa yakan gama shi cikin awa ɗaya ko kusa da haka, mai ɗan sassarfa kuma cikin minti 30 zuwa 40. Wanda bai taɓa gudu ba ma zai iya shiryawa cikin mako tara da tsarin Couch to 5K, inda ake farawa da gudun minti ɗaya, tafiyar minti ɗaya da rabi, ana ƙarawa sannu a hankali.

Mafi sauƙin aljihu shi ne parkrun, gudun jama'a na kilomita 5 a wuraren shaƙatawa, wanda aka fara a 2004 a Bushy Park da ke Landan da mutum 13. Kyauta ne, kowace Asabar da safe, rajista sau ɗaya ake yi ta intanet. Abin da ya fi burge ni shi ne akwai ɗan sa-kai da aikinsa kawai ya biyo bayan kowa, don kada wani ya zama na ƙarshe. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga yaro mai kunya. Akwai kuma na yara 'yan shekara 4 zuwa 14, kilomita 2, ranar Lahadi. Sai dai ba a kowace ƙasa ake yin sa ba, babu lambar yabo, kuma abin da ake yi duk mako ba ya ɗaukar armashin biki.

Armashin yana wajen gudun da ake biyan kuɗin shiga, wanda aka ɗaure da ranar hutu. Gudun Turkey Trot na birnin Buffalo a Amurka, na ranar bikin godiya (Thanksgiving), tun 1896 ake yin sa, gudun São Silvestre na Brazil kuma, na ranar 31 ga Disamba, tun 1925. Kuɗin da kuka biya yana tafiya ne wajen rufe hanya, ruwan sha, masu agajin gaggawa, riga da lambar ƙirji mai na'urar auna lokaci. Ku ninka kuɗin da yawan mutanen gidan tukuna, ku yi rajista da wuri don yawanci ya fi araha. Ku tambaya ƙarfe nawa ake buɗe wa motoci hanya, shekara nawa ne mafi ƙaranci, ana barin keken jarirai ko a'a.

Kilomita 10 ku bar shi sai shekara ta biyu ko ta uku. Gudun da kowa ke yi a inda yake ya tura lokacinsa ta waya kuwa, ban ga amfaninsa ba sai ga ɗan'uwan da ke nesa.

Takalmi: kada kowa ya sa sabo ranar gudu. A saya da makonni kafin nan, a taka shi ya saba da ƙafa, kuma a bar sarari kamar faɗin babban yatsa a gaba, saboda ƙafa takan ɗan kumbura idan an yi nisa.