Gyaran Canon P: tagar ta fito tas, saitin nisa kuwa sai a hankali

Zan fara da yabo, don mai gyaran nan ya cancanta. Kyamarar fim ce, Canon P, irin ta 1959, ba batir, ba ma'aunin haske, ƙarfe ce zalla. Da na kai masa ita tagar leƙenta ta yi hazo, ɗan tabon nan na tsakiya da ake haɗa hoto biyu su zama ɗaya don saita nisa kusan ya ɓace, idan ka sa ta a saurin 1/15 na daƙiƙa kuwa sai labulen da ke buɗewa haske ya shiga ya riƙa jan ƙafa. Da ya dawo min da ita na leƙa, wallahi sai da na yi murmushi. Layukan da ke nuna iyakar hoton gilashin 35mm da 50mm da 100mm duk sun fito tar, ga tagar nan mai nuna abu daidai girmansa, kana iya buɗe ido biyu kana ɗauka. Labulen ƙarfen ya ɗan yamutse kamar yawancin irinta, ya ce a bar shi tunda ba ya yoyon haske, na kuwa ji daɗin da bai taɓa ba.

Matsalar daga gilashi, wato lens ɗin da ake ɗaura wa kyamara, ta zo. Biyu na ba shi: na Canon 50mm f/1.8 da Jupiter-8 na Tarayyar Sobiyat, 50mm f/2, wanda aka kwaikwayo daga Sonnar na Zeiss. Duka suna ɗauruwa a murɗin M39, amma duk wanda ya daɗe a harkar ya san ba a kan ma'auni ɗaya aka ƙera su ba. Canon na bin tsarin kyamarorin Leica, inda gilashin 50mm ɗin a zahiri 51.6mm ne, Jupiter kuwa ya ɗan fi haka tsawo saboda tsarin kyamarorin Contax ya gada. Shi ya sa idan ka buɗe shi gaba ɗaya, f/2, a nisan mita 1, ka saita ido, kunne ne zai fito tangaran. Na yi masa wannan bayani baki da baki. Maganin sananne ne: a ƙara siririn zobe a cikin gilashin, a ƙyale kyamara.

To, bawan Allah sai ya murɗa sukurun ma'aunin nisa na kyamarar har ta bi Jupiter. Na sa gilashin Canon na cinye fim guda, aka wanke, fuskoki duk dishi-dishi, maɓallin riga ma ya fi ido fitowa a wasu. Na auna wani dogon ƙarfen sadarwa can nesa, na kai gilashi ƙarshen murɗinsa, hoto biyun nan suka ƙi haɗuwa. Gwajin da ko ɗan koyo da shi yake farawa! Da na kira shi sai cewa ya yi, "Ai Malam, tsohon kaya sai haƙuri." Wannan maganar ta fi asarar fim ɗin ƙona min rai.

Ya karɓa ya mayar da saitin, bai nemi ƙari ba, wannan na yarda. Tsohon giris ɗin Jupiter ma ya canza shi, yanzu yana juyawa sumul. Amma hazon da ke bayan ganyayen da ke rage haske a gilashin Canon yana nan, alhali yana cikin abin da na biya, sai da na haska tocila na gani da kaina. Wankin taga da saitin labule zan iya sake ba shi. Gilashina kam ba zai ƙara kwana a wajensa ba, Jupiter ɗin ma har yanzu ba a sa masa zoben ba.