Ragowar kayan sana'ar hannu: a sayar ko a bayar?

Wata 'yar uwarmu ta kawo tambaya a kan kayan sana'ar hannu da ta daina taɓawa. Ta ce a da tana saƙa, tana jera duwatsun ado, tana kuma haɗa katin biki da kwalin kyauta da albom ɗin hotuna irin wanda ake ƙawatawa da takardu masu launi. Yanzu aiki da yara sun sha kanta. Kayan suna jibge a manyan jakunkuna biyu da kwali a ƙarƙashin gado, ga keken saƙa an lulluɓe da zani. Za su tashi daga gidan da suke, shi ne take neman shawara: ta sayar, ko ta bayar?

'Yar uwa, kafin ki yanke komai, ki shimfiɗa tabarma ki zazzage su duka. Muddin suna cikin jaka, abu ɗaya kike gani, kina kuma tuna jimillar kuɗin da kika kashe. Da kin baje su za ki ga kashi uku ne. Akwai abin da yake da farashin kansa ko a hannun wa yake: keken saƙa, filaya, bindigar gam, ulun da ba a ɓare takardarsa ba, duwatsun da suke cikin ledarsu a rufe. Akwai ragowa: rabin ƙullin ulu, duwatsun da suka cakuɗe a roba ɗaya, guntayen ribon da leshi, takardun da aka yanki gefensu. Sai kuma wanda ya riga ya mutu, ke ce dai ba ki yi masa jana'iza ba. A kan kashi biyun farko ne kwatancen yake.

Ta fuskar kuɗi, sayarwa tana da wani ƙarfi a yanzu da ba ta da shi a da. Galibin kayan nan daga waje ake shigo da su, yawanci daga Sin, don haka farashinsu dala yake bi. A watan Yunin 2023, lokacin da Babban Bankin Najeriya ya saki naira ya bar kasuwa ta riƙa yanke farashinta, dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Idan kin sayi kayanki kafin wannan lokacin, abin da yake rufe a ledarsa zai iya dawo miki da kuɗin da kika biya, ko da kin karya shi ƙasa da farashin kasuwa sosai. Saboda haka kada ki sa kuɗi da abin da kike tunawa. Ki leƙa shagunan masu kayan ɗinki da ado a Sabon Gari ko Ƙofar Wambai in a Kano kike, ko ki aiki wani ya tambayo miki nawa ake sayar da irinsa yau, sannan ki sauko daga nan. Mai saye ba za ta bar shago, inda take zaɓen launin da ranta yake so, ta zo gidanki ba sai rangwamen ya kai ya kawo.

Ragowa kuwa, gaskiya ba ta da kasuwa. Mai saƙa kayan jarirai tana son ulu launi ɗaya da zai ishe ta riga da hula da safa. Ko launin ɗaya ne a ido, rinin wannan zuwan yakan bambanta da na wancan, sai an gama saƙa a fita rana bambancin ya fito. Rabin ƙulli bakwai masu launi bakwai ba su da amfani a wurinta, in ma ta taya, tayin zai ɓata miki rai. Amma wannan ragowar ita ce daidai abin da mai koyo take bukata. Yarinyar da yau ta fara riƙe kwarashi za ta saƙa ta warware sau goma, ba ruwanta da dacewar launi. Abin da a sayarwa ba zai kai kuɗin adaidaita sahu ba, a kyauta jarin mai koyo ne na tsawon wata guda.

Sai wahala da lokaci, kuma a nan kyauta ta yi wa sayarwa nisa. Bayarwa yini ɗaya ce: ki ware, ki ƙulla, ki aika. Sayarwa aiki ce. In ta waya za ki yi, a WhatsApp ko Facebook ko shafin saye da sayarwa na Jiji, sai kin ɗauki hoto a haske, kin ƙirga, kin rubuta farashi, sannan ki zauna amsa "nawa ne gaskiya?" daga mutanen da ba saye za su yi ba. Wata za ta ce a ajiye mata zuwa ƙarshen wata, ƙarshen wata ya zo wayarta ba ta shiga. In mai sayen tana wani gari, ga zuwa tasha a ba direba, ga musun wa zai biya kuɗin mota. Kuma kada kaya su bar hannunki saboda an turo miki hoton shaidar biya. Ki buɗe asusunki ki ga kuɗin da idonki, don alat na bogi ya zama ruwan dare.

Akwai hanyar da iyayenmu suka sani, wato dillaliya. Ita ta san gidan da ake haɗa kayan ɗaki da gidan da aka yaye yarinya daga koyon sana'a, kuma ta ɗauke miki ciniki da jeka-ka-dawo. Sai dai ta fi ƙwarewa a atamfa da kwanuka da gwal. Keke za ta iya sayar miki, amma duwatsun ado da takardun ado ba lalle ta san darajarsu ba. In za ki ba ta, ku yi magana ƙarara tun farko: ga kuɗin da kike so a hannunki, ga la'adarta ko abin da za ta ɗora, ga ranar da za ta dawo da kuɗi ko da kaya. A ganina, wadda ta fi dillaliya a wannan harka ita ce malamar da take koyar da sana'ar a unguwarku. Kullum tana da ɗalibai masu neman kayan aiki da rangwame, kuma tana iya saye a dunƙule. Kuɗin zai yi ƙasa da na sayar da ɗai-ɗai, amma an gama a zama ɗaya. Ga mai shirin tashi daga gida, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sayarwa kuma tana da lokacinta, kyauta ba ta da shi. Ulu da keken saƙa suna tafiya ne daga Oktoba zuwa Disamba, ana shirin hunturu. Ki fito da su a Maris, ana zafin da ko zani nauyi yake yi, ba mai kallonsu. Duwatsu da siton da ribon kasuwarsu tana tashi a Sha'aban da farkon azumi, lokacin da teloli da masu ado suke tara kayan aikin Sallah. In tashinku ya faɗo a lokacin da ba na kayan ba, ko ki haƙura da farashi, ko ki kwashe su zuwa sabon gida ki jira.

Jiran ma ba kowane kaya ne yake jure shi ba. Dutsen gilas ba ya tsufa. Ki ɗora shi a kumatu, in kin ji sanyi da ɗan nauyi, gilas ne, ko shekara goma ya yi wanki kawai yake so. Na roba kuwa fentinsa yana ɓarewa. Ƙugiyar ɗankunne da maƙullin sarƙa suna yin baƙi da damina. Zaren roba mai talewa zafi yana cinye shi, ki ja ki ji ya tsinke. Takarda gara da laima ne abokan gabarta, rana kuma tana kashe launinta. Fentin akirilik in ya bushe a kwalba ya tafi ke nan, amma fentin ruwa ko ya ƙame ɗigon ruwa yana tayar da shi, kada ki zubar. Keken saƙa yana da wata doguwar sanda mai soso da take danne allurai. In ya daɗe a ajiye soson yakan lotsa ya narke, allurai su riƙa tsalle, ki ɗauka keken ne ya lalace. Ki sa a sauya soson, a share, a sa mai, ki saƙa ɗan tsayin tafin hannu ki bar shi rataye a jiki. Mai saye da ta ga saƙa a jikin keke ba ta taya shi kamar wanda aka ce mata "yana yi, ajiya ce kawai". In kuwa akwai aibin da kika sani, ki faɗa kafin a sallama. Hadisin da ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu, a kan ciniki aka faɗe shi.

Yanzu ga inda kyauta take da nata tarkon. Mutane suna ɗauka bayarwa ba ta bukatar tunani, sai a tattara har da busasshen gam da tsinkakken zare a ɗura a buhu a aika gidan marayu, a ce an yi sadaka. Wannan kwashe shara ne aka ɗora wa wasu. Aya ta 267 a Suratul Baƙara ta hana a nufi mummunan abu a bayar, wanda kai kanka ba za ka karɓa ba sai ka runtse ido. Kashi na ukun nan da na faɗa, bola ce wurinsa. In akwai ƙarfe a ciki, 'yan jari bola za su ɗauka.

Sannan kyauta tana yin amfani ne gwargwadon wanda ta faɗa hannunsa. Takardu masu launi, kwali, sitika, burushi da fentin ruwa, malamar firamare ko nazare za ta yi murna da su fiye da kowa, don akwai darasin zane da ƙere-ƙere a manhaja, kuma sau da yawa daga aljihunta take sayen kayan. Ulu da kwarashi da duwatsu sun fi dacewa da cibiyoyin koyar da mata sana'a, da Islamiyyun matan aure da suke haɗa karatu da koyon sana'a, da wuraren da ake kula da masu lalurar yoyon fitsari, inda ake koya wa mata aikin hannu kafin su koma gida. Ko'ina ne dai, ki fara tambaya ko suna so, kuma wa zai karɓa. Kayan da aka ajiye a ofis ba da sunan kowa ba, a sito suke ƙarewa. Abu biyu kuma a kiyaye: ƙananan duwatsu ba sa shiga gidan da ake da mai rarrafe ba tare da an ja kunnen uwar ba, don haɗiyewa suke yi ko su cusa a hanci, gam mai ƙarfin wari irin na takalmi da sholisho kuwa, babba mai sana'a ake damƙa wa hannu da hannu, kowa ya san abin da wasu yara suke yi da shi.

Ni dai in za a bi tawa, mutum ɗaya da kika sani ya fi cibiya. 'Yar ƙanwarki da ta gama sakandare tana zaune, ko bazawarar maƙwabta da take neman abin riƙe kanta. Sadaka ga ɗan uwa lada biyu ce, ta sadaka da ta zumunci. Ki haɗa mata abin da zai yi aiki tare: ulu da kwarashinsa, duwatsu da zarensu da allurarsu da filaya ɗaya. In kin ƙara da zaman la'asar biyu kina nuna mata yadda ake fara gindin jaka, kin ba ta abin da ba ya cikin buhun.

Abin da nake so ki guje wa, fiye da asarar sayarwa da kuskuren bayarwa, shi ne tsayawa a tsakiya. Da an ji kina fitar da kaya, wata a dangi za ta ce, "Yaya, ba ni keken nan, in na fara samu zan riƙa kawo miki da kaɗan-kaɗan." Ki sani wannan ba ciniki ba ne, ba kuma kyauta ba. Ita tana ganin ai ajiye yake ba amfaninsa kike yi ba, ke kuma kina lissafi. Wata shida ba ko sisi, kunya ta hana ki tambaya, ita kuma ta fara kauce miki a gidan biki. Kin rasa kuɗin, ba ki yi niyyar sadaka ba balle ki sa ran ladarta, zumuncin ma ya yi rauni. In kina bukatar kuɗin, ki ce mata, "Ƙanwata, sayarwa zan yi, kuɗi hannu, in kina so na rage miki kaza." In zuciyarki ta iya, ki ce, "Na ba ki duniya da lahira," ki cire ido, ko da gobe kin ji ta sayar. Kyauta in ta fita ba a bin sawunta.

Wannan ya kawo mu ga tambayar da ke kaɗai kika san amsarta: kina bukatar kuɗin? In tashin nan ya zo da kuɗin haya da na motar kwasar kaya, ki sayar da duk abin da zai sayu ba tare da jin nauyi ba. Halalinki ne, kuma wadda ta samu keke a rabin kuɗin sabo ita ma an taimake ta. In ba ki matsu ba, keken da abin da yake a rufe kawai za ki sa a kasuwa, ki ba su mako biyu ko uku, abin da ya yi kwantai ya bi ragowa zuwa kyauta. (Wannan duka in kayan naki ne. In na mamaciya ne, uwa ko 'yar uwa, sun zama gado, ba mai ikon sadaka da su sai an raba ko duk magada sun yarda.)

Saƙar da kika fara ba ki gama ba, ba mai sayenta, kuma mai koyo ba za ta iya ɗorawa a kan hannunki ba. Ki warware ta, ki naɗe ulun a bayan kujera, ki ɗaure shi wuri uku, ki jiƙa a ruwa mai ɗumi ki rataye a inuwa ya miƙe, sannan ya shiga jakar kyauta. Almakashinki mai kyau kuwa da kwarashi biyu, ki jefa su a akwatinki. Ba su da nauyi, kuma irinsu yanzu tsada suke.