Sharhi a kan fim ɗin zane na Spider-Man: Into the Spider-Verse

Yawancin finafinan da ake ɗauko labarinsu daga littattafan zane na jarumai masu ƙarfin ban mamaki sukan ɗauki suna da riga da labari, su bar zanen a baya. Spider-Man: Into the Spider-Verse, wanda kamfanin Sony Pictures Animation ya fitar a watan Disamba na 2018, ya ɗauko har da zanen, kuma a ganina dalilin da ya sa ya yi fice ke nan. Na kalle shi a talabijin, daga baya na sake kallonsa a waya, kuma bambancin da na gani tsakanin kallon biyu yana cikin abin da ya sa na rubuta wannan sharhi.

Jarumin fim ɗin shi ne Miles Morales, wanda marubuci Brian Michael Bendis da mai zane Sara Pichelli suka ƙirƙira a 2011, kusan shekara hamsin bayan Stan Lee da Steve Ditko sun fito da Peter Parker, Spider-Man na asali, a 1962. Miles yaro ne ɗan unguwar Brooklyn a birnin New York; mahaifinsa baƙar fata ne ɗan sanda, mahaifiyarsa kuwa 'yar asalin Puerto Rico ce mai aikin jinya. Gizo-gizo ya cije shi a daidai lokacin da wani attajirin mugu mai suna Kingpin ya ƙera na'urar da ke buɗe ƙofa zuwa wasu duniyoyi, da nufin dawo da matarsa da ɗansa da suka rasu, lamarin da ya jawo jarumai biyar masu baiwar gizo-gizo suka faɗo duniyar Miles.

A wajen zanen ne masu aikin suka nuna gwaninta. Sun bar ƙananan ɗigogin launi irin waɗanda tsofaffin injinan ɗab'i ke bari a takarda, tunanin Miles yana fitowa a rubuce cikin akwatuna masu ruwan ɗorawa, ƙarar duka ma ana rubuta ta da manyan haruffa a kan allo. Idan suna son abu ya koma baya a hoto, sai su gocar da launukansa daga layin zanen, tamkar kuskuren maɗaba'a, har mai kallo na iya zaton allonsa ne ya lalace. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suka sa motsi ya faɗi halin mutum. A wurin da Miles ke koyon lilo da zare a cikin daji, an zana shi da hoto 12 a kowace daƙiƙa, malaminsa Peter B. Parker, ɗaya daga cikin jaruman da suka faɗo daga wata duniya, kuma da hoto 24, don haka ido yana ganin ɗaya yana tangaɗi ɗaya yana tafiya sumul tun kafin wani ya buɗe baki ya ce yaron bai iya ba. Ban yi mamakin samun kyautar Oscar da fim ɗin ya yi a 2019 ba.

Labarin ma yana da nauyi, musamman tsakanin Miles da mahaifinsa da baffansa Aaron, wanda yaron ya fi sakewa da shi alhali bai san sana'ar da yake yi a ɓoye ba. Wurin da uban ya tsaya a bayan ƙofa yana yi wa ɗansa magana, ɗan kuma yana ciki a ɗaure ba shi da halin amsawa, ya fi duk faɗace-faɗacen fim ɗin taɓa zuciya.

Inda nake da ƙorafi shi ne yawan jarumai. A cikin biyar ɗin da suka faɗo duniyar Miles, an ba Gwen Stacy da Peter B. Parker haƙƙinsu, amma Peni Parker da Spider-Man Noir da Spider-Ham sun shigo a makare, kuma kusan aikin ban dariya kawai aka ba su. Faɗan ƙarshe a cikin na'urar Kingpin kuma launi ya yi masa yawa, motoci da gine-gine suna shawagi ta ko'ina, har a allon waya na kasa bambance mai duka da wanda ake duka. Ɗigogin nan da na yaba ma ɓacewa suke yi a ƙaramin allo.

Tsawonsa minti 117 ne, kuma Turancinsa yana da sauri da salon maganar matasan Amurka, saboda haka kunna rubutun ƙasan allo yana taimakawa. Iyaye su sani cewa ana kashe mutane biyu masu muhimmanci a labarin, ko da yake ba a nuna jini ba, sannan akwai walƙiyar haske mai yawa tun daga buɗewa, wadda ba ta dace da mai ciwon farfaɗiya ba. Wanda ya ji daɗinsa zai iya wucewa zuwa na biyu, Across the Spider-Verse na 2023, sai dai shi wannan ya fi tsawo kuma ya tsaya ne a tsakiyar labari.