Gargaɗi ga masu tsofaffin kwamfutoci a Katsina: a kula da mai cewa "aisin hoto ya ƙone"

Jama'a, akwai wani mutum da ke yawo tsakanin Katsina da Daura yana neman masu tsofaffin kwamfutocin gida, irin waɗanda ake jonawa da talabijin, da sunan shi ƙwararren mai gyara ne. Ba shi da shago. A WhatsApp da Facebook yake tallata kansa, kuma kullum shi ne zai ce a haɗu a bakin titi, yau wajen Ƙofar Ƙaura, gobe wata tashar mota. Ba zan kama suna ba, don sunan da ya ba wannan ba shi ya ba wancan ba.

Wani zai ce wa ke da irin waɗannan injuna a nan? Suna nan. Akwai Commodore 64 da ZX Spectrum, dukkansu na 1982, waɗanda 'yan boko da suka yi karatu a Ingila suka dawo da su. Akwai kuma Sakhr mai haruffan Larabci, ta kamfanin Al-Alamiah na Kuwait, da mazauna Saudiyya suka riƙa shigowa da ita. Yanzu 'ya'ya da jikoki ke zaƙulo su daga ɗakin ajiya, a jona, a ga allo baƙi ƙirin ko yana ta yayyafi, sai a shiga neman mai gyara. A nan yake samun shiga.

Abin da ya yi wa wani dattijo, tsohon malamin makaranta a unguwarmu, shi ne salon nasa duka. Ko buɗe injin bai yi ba, ya kalli talabijin ya girgiza kai ya ce, "Baba, aisin hoto ne ya ƙone. Sai an yi odarsa daga waje, amma ina da mai kawo mini sabo fil daga kamfani." Aisi (IC) dai ɗan ƙaramin kayan lantarki ne mai ƙafafu da ke cikin injin. Mutumin ya karɓi kuɗin kafin alƙalami ta tiransifa, ya tafi da Commodore ɗin Baba. Da ya dawo da ita hoto ya fito tas, Baba har da sa masa albarka. Sai bayan kwana biyu jikansa ya ce, "Kaka, ai ba ta magana." Da aka kwance murfin, gurbin aisin sauti wayam.

Aisin nan shi ake kira SID, lambarsa 6581 ko 8580, kuma shi ne abu mafi daraja a cikin injin, domin masu kiɗa da masu tara kayan tarihi a Turai da Amurka na nemansa ruwa a jallo. A yawancin fanel ɗin, wato faifan cikin injin da aisin ke kai, a soket yake zaune, da sukuddireba ma ana ɗaga shi. Abin takaicin kuma, injin na tashi lafiya lau ba tare da shi ba: shuɗin allon zai fito, rubutun 38911 BASIC BYTES FREE zai bayyana, sauti ne kawai babu. Wanda hankalinsa ke kan hoto ba zai lura ba sai mai gyaran ya yi nisa. Ainihin matsalar Baba kuwa waya ce ta tsinke daga ciki.

Batun "sabo daga kamfani" ma ƙarya ce tsagwaronta. Kamfanin Commodore na asali ya karye tun 1994, kuma ba a ƙara buga waɗancan aisin ba. Abin da ke kasuwa ko dai tsoho ne da aka ciro daga wani injin, ko kuma madadi na zamani da masu sha'awar harkar ke ƙerawa, kuma mai gaskiya zai faɗa maka wanne ne ya sa.

Ni abin da ya fi ba ni haushi shi ne, mafi yawan matsalar hoto a injunan nan ba ta kai a ba wani ya tafi da su gida ba. Idan ta wayar eriya ka jona, injin da aka yi don Ingila yana fitowa ne a tasha ta 36 a zangon UHF, na Amurka kuma a tasha ta 3 ko 4. Dole ka sa talabijin ta nemo tashar a ɓangaren analog. Filasma da yawa na yanzu ba sa kama siginar da kyau, wasu ma sam ba sa ganinta, alhali tsohuwar talabijin mai ƙeya za ta nuna nan take. Kafin ka yarda wani abu ya ƙone, ari mai ƙeya a maƙwabta ka gwada. Commodore 64 tana da wata kafar bidiyo mai zagaye a baya, wadda da wayar da ta dace za ta shiga ramin rawaya na talabijin, hoton ma ya fi na eriya kyau.

Idan kuma hoto ya fito amma babu kala, ko yana ta birgima sama da ƙasa, galibi saɓanin tsarin siginar talabijin ne. Nijeriya PAL take amfani da shi, Amurka NTSC. Aisin hoton Commodore, wato VIC-II, 6569 ne a na PAL, 6567 a na NTSC. Mu da ke kusa da iyaka muna da ƙarin abin lura: Nijar tsarin SECAM ta bi irin na Faransa, saboda haka tsohuwar talabijin da ta shigo ta Maraɗi tana iya nuna maka fari da baƙi alhali injinka lafiyarsa ƙalau. Wannan mutumin ya san duk wannan. Rashin saninmu yake ci.

Ba na cewa aisi ba ya mutuwa. Yana mutuwa. A Commodore, wanda ake kira PLA ya yi ƙaurin suna wajen jawo baƙin allo saboda zafin da yake ɗauka. Amma babban mai kisan shi ne adaftar wutar, baƙin tubalin nan mai nauyi. Tana ba da wuta iri biyu, bolt 5 da bolt 9, kuma idan ta tsufa sai ta 5 ɗin ta haura ta soya ƙwaƙwalwar injin. Duk mai gyaran rediyo yana da mita. A auna a gabanka, in ta wuce 5.25 kada a sake jona ta. Adaftar Amurka kuwa ta bolt 110 zuwa 120 ce, ka cusa ta a soket ɗinmu mai 230 sai hayaƙi.

Mutumin nan yana kuma sayar da kaya. An nuna mini hoton abin da ya tura wa wani matashi a Daura a matsayin "kwamfutar Bature ta asali": allon rubutu ne na roba mai cin kaset rawaya, irin kwaikwayon wasan Nintendo da aka cika kasuwanni da su shekarun baya. Bidiyon da yake turawa na injin yana aiki ma ba nasa ba ne, babu hannunsa a ciki, babu muryarsa.

Don haka in dole sai an kai gyara, a kai wa mai shago da aka san mazauninsa. Ka kwance murfin tun a gida, ka ɗauki hoton fanel ɗin da wayarka yadda lambar kowane aisi za ta karantu, ka kuma nuna wa mai gyaran cewa ka ɗauka. Ranar karɓa a kunna a gabanka, a ji sauti, a ga kala, a gwada makullan rubutu, sannan a sake buɗewa a gwama da hoton. Talabijin mai ƙeya kam kada ka buɗe ta da kanka, tana riƙe wuta mai ƙarfi ko bayan an zare ta daga soket.

Wanda ya riga ya tura masa kuɗi ya adana shaidar tiransifa da hirarsu, ya kai ƙorafi bankinsa da ofishin 'yan sanda mafi kusa. Iyalan Baba sun kai nasu. Lambar da ya kira su da ita a kashe take tun ranar, amma an ga irin tallar tasa ta sake fitowa da wata sabuwar lamba, wannan karon yana cewa har gida yake zuwa ɗauka.