Yaya, a nan kallon ruwa ma sai da kuɗi

Assalamu alaikum Yaya. Ina fatan kuna lafiya, da Aunty da yara. Ka ce in ba ka labarin hutun da muka yi a bakin tafkin Bodensee, tunda kana tunanin kawo iyali idan biza ta fito. To ga yadda na gani.

Tafkin yana tsakanin ƙasashe uku, Jamus da Ostiriya da Suwizalan, kuma kogin Rhine ne ke shiga ta gefe guda ya fita ta wani. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 500. Daga cikinsa ake jan ruwan shan da ake turawa har Stuttgart, shi ya sa suke tsare tsaftarsa kamar ƙwai a cokali.

Daren farko na yi wauta. Na kama ɗaki a wani otal da ke kan gaɓa saboda hoton barandar da na gani a intanet. Da muka isa, sai ga tagarmu tana kallon wurin ajiye motoci. Na koma wajen ma'aikaciyar, ta nuna mini cikin ladabi cewa ɗakin da ke kallon ruwa farashinsa daban. Gado iri ɗaya, banɗaki iri ɗaya, bambancin taga ce kawai. Ga shi ba na'urar sanyaya ɗaki, a tsakiyar Yuli. Karin kumallo kuwa, rabin teburin naman alade ne, muka tsaya kan burodi da cuku da dafaffen ƙwai.

Washegari muka tattara muka koma wani ƙaramin masauki a ƙauye, can bayan gonakin tuffa, mai ɗan kicin. Kuɗin ya sauka sosai. Akwai harajin baƙi da gari ke karɓa a kan kowane mutum kowane dare. Da farko na ɗauka cuta ce, ashe da shi ake ba ka katin baƙo, ka hau bas da jirgin ƙasa na yankin ba ka biya ba. Jirgin ruwa ne kawai ba ya ciki. Abu ɗaya: ka yi cefane tun Asabar, domin ran Lahadi kantuna a rufe suke.

Inda kuɗina ya yi mini rana shi ne tsibirin Mainau. Mun haye daga garin Meersburg zuwa birnin Konstanz, inda tsibirin yake, a jirgin fito, tafiyar kamar minti 15, motoci ma a ciki. Tsibirin hekta 45 ne, kusan duk lambu. Wani ɗan gidan sarautar Suwidin, Lennart Bernadotte, shi ya karɓi wurin a 1932 ya mayar da shi haka. Tikitin ba arha, har na yi tsaki a bakin ƙofa. Amma Yaya, awa biyar muka yi ban duba agogo ba. Ga wardi iri-iri, ga wasu itatuwa da aka dasa tun ƙarni na 19, waɗanda mutum biyar ba za su rungume ɗaya ba. Akwai ɗakin gilashi na malam-buɗe-littafi, ɗumi da laima a ciki, suna sauka a kafaɗarka ba tsoro. Ƙaramar tamu ta ƙi fita sai da rarrashi. Abin da ya fi tsaya mini a rai ba furen ba ne, ma'aikatan ne. Na ga wata mata durƙushe da almakashi tana tsinke busassun furanni ɗaya bayan ɗaya, ba mai tsaye a kanta.

Gidan tarihin Zeppelin a Friedrichshafen, inda aka fara tayar da wannan jirgin sama mai kama da dogon balan-balan a 1900, yara maza za su so shi. Ni dai awa ɗaya ta ishe ni.

Ɓangaren Suwizalan kuwa, ka shiga da ƙoshinka. Daga Konstanz da ƙafa muka taka zuwa Kreuzlingen, kuɗi ya koma faran, kofin shayi ya kusa sa ni istigfari. Su kansu mutanen can Konstanz suke tsallakowa cefane.

In ka samu zaɓi, ka zo a Satumba: zafi ya ragu, lokacin furen daliya ne a Mainau. Ka sako buta a jaka, ba otal ɗin da zai ba ka. A gaida Hajiya.